Kwasakwasan da ya sauka a Arlit

Bana ruwa ya ɗauke mana tun gero yana fidda kai. Sati uku ke nan muna duban gabas. Hadari zai taso da la'asar, ya yi baƙi, har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watse shi. Jiya ina zaune ƙofar ɗaki ina tsinkar zogale, zafin nan na ƙarshen damina ya danne gari, sai na ji kamar a Arlit nake, a irin wannan wata, shekarar da aka sallami maigidana daga aiki.

Samarin garinmu da ke zuwa arewa yanzu zinariya suke bi, Tchibarakaten suke nufa da buhunansu. Mu a zamaninmu uraniyom ya kai mu. Baban Lidiya, maigidana, makanike ne a garejin kamfanin ma'adinai. Daga ƙasar Maradi muka tafi, ina amarya. An ba mu gida a site, wato unguwar ma'aikata, da pompo a tsakar gida da lantarki da kantin da ake samun har tuffa. Ni da na tashi da tulu a kai, sai da na yi wata guda ina buɗe pompon nan don kawai in ga ruwa yana zuba.

Shekara goma sha muka yi a haka. Sannan aka ce kasuwar ƙarfen ta faɗi a ƙasashen Turai. Aka fara rage mutane kashi-kashi, kowace Juma'a a liƙa sunaye. Wata Juma'a Baban Lidiya ya dawo da rana tsaka, ya rataye hular kwanonsa a ƙusa, ya ce in ba shi ruwa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba sai da ya shanye. Muka bar site, muka kama ɗaki guda na laka a bayan gari, mu da ƴaƴanmu biyu, Lidiya mai shekara tara da Saratu da ke goye.

A daidai lokacin ne tawayen Abzinawa ya yi zafi. Mota ba ta bin hanyar Agadas ita kaɗai, sai an tara su da yawa sojoji sun raka. In ayarin ya makara, kasuwa ta bushe. Daga gida kuma wasiƙa ta zo cewa damina ta yi gardama, ko buhu guda kada mu sa rai. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu tsululu, wanda kana iya hango gindin kwano ta cikinsa. Da rana in dafa ganyen shu, wato kabeji, irin na waje-wajen nan da masu saye ba su so, in kwaɗa da ƙulli-ƙulli. Dusar da a da nake bai wa awakin maƙwabta, na koyi tankaɗe ta sau biyu in mayar cikin gari. Ina da wata ƴar jaka ta busasshen kifi da ƙanwata ta aiko tun kafin hanya ta lalace. Rataye take a saman gado, nakan gutsuri rabin kifi in sa a miya ranar Lahadi in mun dawo daga majami'a, don yara su ji ƙamshi.

Abin da ya riƙe mu garka ce, wato lambu. Ruwan wanka da na wanki na gidajen ma'aikata duka bututu ke kwashe shi zuwa bayan gari, ya zuba cikin wasu tabkuna uku da aka haƙa. Na farko baƙi ne, warinsa na tarbar mutum tun daga nesa. Na biyu kore shar. Na uku ya ɗan washe, ciyawa mai tsawo ta kewaye shi, daga nan ake jan ruwa zuwa garake. In ka tsaya a bakinsa ka juya baya, ba abin da za ka gani sai tsakuwa da rairayi har iyakar ido. Baban Lidiya ya samu ƴan fangali a wurin. Bi-da-bi ake sakin ruwa, kowa da ranarsa. In ranar mutum ta zo, maƙwabta su taya shi buɗe hanya da toshewa, don ruwan ba ya jira. Maza na riƙe da shebur, mu mata muna cire ciyawa, muna yanka tumatir muna shanyawa a kan buhu. Kafin hantsi ƙasa ta fara cin tafin ƙafa.

Maƙwabcinmu na garka Ghali ne, wani Ba'abzine dogo da fari ya kashe wa raƙuma shekarun baya, ya shigo gari ya koyi dashen salati. Ba ya yawan magana, a shekarar kuwa ya ƙara yin shiru, don an kama ƙanensa an tafi da shi, ba wanda ya san inda yake. Hausarsa ta koyo ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa.

To, maigidana yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. A bakin tabkin Madarunfa aka haife shi, ubansa masunci ne, ya tashi da sanin tsuntsayen ruwa kamar yadda wani ke sanin danginsa. Tun yana aiki, ranar hutu yakan tafi tabkunan nan ya zauna. Wani Bafaranshe da maigidana ya yi aiki ƙarƙashinsa ya bar masa jumel, madubin hangen nesa, da zai koma ƙasarsu. Da tawaye ya taso, Ghali ya ce masa, "Yakuba, ka ɓoye wannan abu. Soja ta gan ka kana duba daji da ita, ba ta tambaya tsuntsu." Sai ya naɗe shi a tsumma ya tura cikin rufin bukkar garka, ba ya fiddo shi sai ya shige cikin ciyawa ya durƙusa.

A ƙarshen damina tsuntsaye ke ratso hamada daga arewa, kuma ba su da wani ruwa sai namu. Sukan sauka a gajiye, wasu ko tashi ba su yi in ka matso. Yana da ɗan littafin ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, da yake rubuta su. Waɗanda ya sani ya sa sunansu: zalɓe, balbela, galantoyi, zakaran ƙeƙuwa, kirinjijiya. Waɗanda bai sani ba ya laƙa musu nasa: mai jan ƙafa, mai bakin lauje, sarkin rawa. In ya ga wanda bai taɓa gani ba, ranar har waƙar majami'a yake yi a hanya.

Ni kuwa in ce, "Baban Lidiya, mutane na neman abin da za su sa a baki, kai kana ƙidayar tsuntsaye?"

Ya ce, "Hannatu, na gama ban ruwa. In na zauna gida tukunyarki za ta cika ne?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona ni. Yanzu na gane mutumin da ya shekara goma sha yana tashi da ƙarar jiniya, in aka ce masa ba inda za shi, dole ya nemi abin da zai duba.

Wata safiya ina tsugune cikin karoti sai ya zo ya dafa kafaɗata, abin da ba ya yi a gaban mutane. Ya ce, "Taso ki ga wani abu. A hankali."

Muka kutsa cikin ciyawa. Ya miƙo mini jumel, karo na farko da na yarda na karɓa. Da farko duhu na gani, sai ya murɗa mini, sai ga wani ƙaton farin tsuntsu ya cika idona, kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Ya fi tunkiya tsayi. Baki dogo kamar tabarya, da wata jaka rawaya tana reto a ƙarƙashi. Fikafikansa sun zube, kansa ya kwanta a baya, idonsa a lumshe.

Ya ce, "Kwasakwasa ne. Rabona da shi tun ina bin babana a jirgi. Me ya kawo shi nan? Nan ba kifi."

Kafin azahar labari ya gama garake. Mutane suka taru. Waɗanda suka fito daga ƙasar Damagaram da Maradi suka tsaya suna kallo, kowa na faɗin tabkin da ya taɓa ganin irinsa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta share hawaye da gefen zane, ta ce shekara bakwai ba ta je gida ba. Amma yunwa ba ta bar kallon ya daɗe ba. Wani mai garka da ake kira Ɗan Zinder ya ce, "Jama'a, wannan nama ne Allah ya aiko. Ko mun bar shi mutuwa zai yi." Ya zaro wuƙa. Ba mugu ba ne, ƴaƴansa shida. Kuma ni kaina, in faɗi gaskiya, cinyar tsuntsun nake dubawa.

Baban Lidiya ya shiga ruwan har gwiwa ya tsaya a gabansa. Ya ce, "Ƙarni gare shi, ba za ku iya ci ba. Ku dube shi, ƙashi ne da gashi."

Ɗan Zinder ya ce, "Yakuba, ɗan'uwanka ne?"

Sai Ghali ya ajiye shebur ya shiga ruwan shi ma. Su dama mutanensa ba su cin kifi, ba su cin tsuntsu. Ya ce, "Baƙo ce. Ta ɓace hanya, ta ga ruwa, ta sauka. Ni ma haka na zo wurinku. Kun yanka ni?"

Ɗan Zinder ya mayar da wuƙarsa, ya yi tsaki, ya ce to su ci gaba da kiwon aljani.

Suka kama shi da bargo, ko yunƙuri bai yi ba. Aka sa shi a bukkar Ghali. Kwana biyu suna kamo masa kwaɗi daga tabki, yana haɗiye wasu yana tofar da wasu. Rana ta uku na dawo daga ɗebo itace, na ɗaga kai, jakar kifina ba ta saman gado.

Da Saratu a baya na tafi garka, ban ko ji zafin ƙasa ba. Na tarar ya jiƙa kifin a kwano, Ghali ya buɗe bakin tsuntsun, shi kuma yana turawa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban wani ba sai ranar. Na ce, "Daga bakin ƴaƴanka ka cire ka ba tsuntsu? Wata uku ina gutsura rabi-rabi! Lidiya ta kwanta jiya tana cewa cikinta na kuka!"

Bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi laifi, Hannatu. Na duba, na rasa abin da zan iya ceta a garin nan. Aikina ban iya ba, gidanmu ban iya ba. Wannan kaɗai na ga kamar zan iya."

Na tsaya. Fushin bai tafi ba, amma na rasa inda zan sa shi. Na fizge kwanon na duba, saura kifi biyar. Na ɗauki biyu na ƙulle a bakin zane, na tura masa ukun, na juya. Da la'asar Ghali ya aiko matarsa da cuku guda uku da ƴan dabino a ƙoƙo, ta ajiye a ƙofar ɗaki ta tafi. Na san su ma ba su da shi.

Tsuntsun ya fara miƙewa, yana kaɗa baki kwas-kwas in an matso. Amma kowa ya san ba za a iya riƙe shi ba. A satin ne kuma muka yanke shawarar da muka daɗe muna kewayewa: ni da yara mu koma Maradi wurin yayana, shi ya zauna jiran takardunsa na sallama, ya kula da garka. Akwai wani direban kamiyo, babbar motar kaya, Elhaji Illa, mutumin Tawa, wanda Baban Lidiya ya sha gyara wa mota. Ya yarda zai ɗauke mu a ayari mai zuwa. Sai maigidana ya ƙara da cewa akwai wani fasinja.

Elhaji Illa ya zo ya leƙa bukka, ya ja da baya. Ya ce, "Mi ne na wanga? Yakuba, ka haukace? Ni hatsi nika ɗauka da mutane, ban ɗaukar dodo."

Ya ce, "Elhaji, hanyarka ta bi ta Tabalak. Tabkin na bakin titi. Sauke shi kawai za ku yi."

Elhaji ya daɗe yana girgiza kai. Daga baya ya ce, "In ya sare ni, kai za ka gyara man mota har ka mutu."

Ranar tafiya aka sa tsuntsun cikin babban buhu, aka fiddo kansa waje, aka ɗaure bakin da tsumma sako-sako. Baban Lidiya ya ba ni bidon, wato jarka, na ruwa daban, ya ce in riƙa jiƙa buhun. Bayanin tsuntsu ya fi wanda ya yi mini a kan ƴaƴansa tsawo, kuma na san dalili: in ya fara maganar yara ba zai iya ƙarasawa ba. Ghali ya shafa kan tsuntsun ya yi masa magana da harshensu. Mota ta tashi. Na hango su biyu tsaye a tasha har suka ƙanƙance.

Kwana biyu muka yi a hanya, a bayan kamiyo, mu wajen ashirin bisa buhunan wofi. Motar soja a gaba, wata a baya. Kowa idonsa na kan duwatsun da ke gefen hanya. Ƙarfen motar ba ya taɓuwa don zafi. Ni kuwa ga goyo, ga Lidiya ta kwanta a cinyata, ga ƙaton kai yana leƙowa ta ƙarƙashin hannuna yana warin kifi. Ruwan da nake zuba wa buhun, wata mata ta ce da ma ita na ba.

A wani shinge kafin Agadas aka sauke mu duka za a bincike kaya. Wani soja matashi, fuskarsa a murtuke, ya hau ya zunguri buhun da bakin bindiga. Tsumman ya riga ya kwance. Tsuntsun ya miƙa wuya ya kai masa kwas! Sojan ya yi tsalle da baya ya faɗa kan buhuna. Na ce yau mun shiga uku. Sai babbansu ya leƙo, ya dubi tsuntsun, ya dubi yaronsa, ya fashe da dariya. Ya ce, "Madam, wannan ina takardunsa?"

Elhaji Illa ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ma kwampani ta sallame shi, gida za shi."

Duk wurin aka kwashe da dariya, har sojan da ya faɗi. Tun da muka baro Arlit ban ji an yi dariya ba sai nan. Babban ya ce shi mutumin bakin kogi ne, ya san tsuntsun. Ya sa aka kawo gwangwanin sardin guda daga motarsu. Na ba tsuntsun rabi, na ba Lidiya rabi.

Washegari da la'asar muka iso Tabalak. Ruwan ya ja baya sosai, sai da muka taka taɓo busasshe mai tsage-tsage kafin mu kai. Amma ruwa ne na gaske, mai faɗi, da jiragen masunta. Na ji ƙamshin laka har hawaye ya zo mini. Ni da Elhaji muka kwance buhun. Tsuntsun ya fito ya yi taga-taga ya faɗi. Ya tashi, ya taka cikin ruwa har ya kai masa ciki, ya tsaya. Ko fiffike bai buɗe ba. Na kaɗa zane, na tafa hannu, na ce, "Tashi mana! Tashi!" Ya dube ni da ido ɗaya. Can bakin titi motoci sun fara oda, don wasu na son su kai Tawa kafin rana ta faɗi. Elhaji ya yi wa wasu masunta magana, sannan ya ce mini, "Ƙanwata, mu tai." Na waiga sau uku. Yana nan tsaye inda muka bar shi, ga karnuka biyu suna yawo a bakin ruwa.

Wata biyar bayan haka Baban Lidiya ya iso Maradi, ya rame, da akwati ɗaya. Ya ɗauki Saratu, ya rungume Lidiya, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ya tashi?"

Na dubi fuskarsa. Na ce, "Ya tashi. Ya kewaya tabkin sau biyu, ya bi wasu ƴan'uwansa."

Shi ke nan labari ya samu ƙafa. Ya ba da shi a majami'a, ya ba da shi wurin biki, ya ba jikokinmu. Duk lokacin da ya kai wurin kewaya tabki sau biyu sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Hannatu?" In ce haka ne, zuciyata na tuna mini karnukan nan. Fiye da shekara ashirin ina ɗauke da abin.

A ciwonsa na ƙarshe, tari ya ci ƙarfinsa, wata safiya na fito da shi inuwa ina ba shi kunu. Na ajiye ludayi na ce, "Baban Lidiya, akwai abin da nake so ka yafe mini. Tsuntsun nan ban ga tashinsa ba. Tsaye na bar shi cikin ruwa. Ƙarya na yi maka."

Ya dube ni, sai na ga kafaɗunsa na motsi. Na ɗauka tari ne, ashe dariya yake.

Ya ce, "Na sani. Elhaji Illa ya gaya mini tun satin da ya komo."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Da zai dawo ya tsaya ya tambayi masuntan. Kwana huɗu suna jefa masa ƙananan kifi. Rana ta biyar wasu guda uku suka sauka, da suka tashi ya bi su."

Na ce, "Shekara ashirin ka bar ni ina cin raina, kana tambayata ko ba haka ba?"

Ya kamo hannuna, yana share hawayen dariya da ɗaya hannun. Ya ce, "To ai haka ne, Hannatu. Riga shi kawai kika yi da kwana biyar. Miƙo kunun, yana hucewa."